Abin da Goggo Asusu ta Gani a Tsaga

Shagon kitson Goggo Asusu ɗaki ne guda, a matse tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti. Ƙofa ɗaya, taga ɗaya, da fanka mai juyawa idan ta ga dama. A ciki akwai kujerarta mai gajerun ƙafafu, da matashin da ake zama a kai tsakanin gwiwoyinta, da bencin masu jiran layi, da madubin da ya tsage ta kusurwa tun ranar da aka kafa shi. Kibiya da mataji da kwalaben mai suna cikin wani tsohon kwando a damanta. Idan ta ɗaga ido daga kan da take yi, abin da take fara gani ta taga shi ne shagon mai ɗinki a tsallaken titi.

Ba ita ta raɗa wa kanta sunan ba. Matan unguwa ne suka lura duk abin da ya shiga wurinta ba ya fitowa, suka ce ai wannan asusu ce. Sunan ya bi ta, har ƙaninta da suke ciki ɗaya sai ya yi tunani kafin ya tuno na gaskiyar.

Wanda bai taɓa riƙe kibiya ba bai san abin da ɗankwali yake rufewa ba. Goggo ta sani. Ta ga kwarkwata a kan matan da ake jin ƙamshin turarensu tun daga bakin titi. Ta ga furfura a kan waɗanda shekarunsu suka tsaya cak a talatin. Ta ga sanƙo, ta ga amosani, ta ga kumburin da aka ce ƙofa ce ta buge, alhali ƙofa ba ta da yatsu. Mai irin wannan kumburin, Goggo takan sunkuya ta ce mata a kunne, "Ɗakin yarana babu kowa, in kina so." Shi ke nan. Ga kuma abin da baki ke zubarwa, don mace in ta jingina kai a cinyar wata, hannu na tafiya cikin gashinta, sai ta faɗi abin da ko uwarta ba ta sani ba. Goggo takan ce "Allah sarki," ko ta ce "Juyo nan," ta ci gaba da tsaga.

Tana da dalilinta. Tana 'yar ƙarama aka kai ta wurin wata mai kitso mai baki kamar lasifika. Matar ta tsaga kan, ta leƙa, ta ga kwarkwata, ta ƙwala wa mutanen gidan kira: "Ku zo ku ga kiwo!" Har ta gama firamare yara na ce mata Mai Kiwo. Ranar da ta fara zaunar da wata tsakanin gwiwoyinta, ta yi wa kanta alkawari cewa abin da ta gani a kai, a kan zai tsaya, kuma ta yi furfura tana riƙe da wannan alkawari.

Maigidanta ne kawai yake ƙorafi. Tsohon direban babbar mota ne, ciwon baya ya sauke shi, ya koma zaman ƙofar gida da jin labarai. Yakan ce duk garin nan shi kaɗai ne mijin mai kitso da ba ya sanin wanda zai yi aure sai ya ga an kafa rumfa. Goggo takan ce masa ya sayi batirin rediyo. 'Ya'yansu uku ne, duka maza, duka sun tashi sun kama gabansu. Allah ya ba mai kitso kawuna uku, kuma duk ukun mai aski ne ya ci moriyarsu. Tana faɗin haka tana dariya, amma wanda ya san ta ya san abin yana ɗan taɓa ta.

Sai ga Kwakwa.

Kwakwa 'yar mai ɗinki ce, shekararta bakwai, idanu dara-dara, baki kamar na tsohuwa. Tana da sankarar jini. An daɗe ana fama, an kwanta asibiti an tashi, an sake kwantawa, maganin ya zubar mata da gashi kaf, har gira. Ranar da ta fara tsallako titi ta leƙo shagon, ta cire hularta da kanta ta ce, "Goggo, nawa ne kitson wannan?" Matan benci suka rasa inda za su sa idonsu. Goggo ta kama kan da hannu biyu, ta jujjuya shi, ta ƙwanƙwasa da yatsa, ta ce, "Wannan ai kwakwa ce. Ba ta nuna ba tukuna. Ki dawo wani makon in duba." Yarinyar ta tuntsire da dariya, sunan kuma ya zauna.

Tun daga nan, duk ranar da jikin ya bar ta, sai ta zo a duba. Da aka sassauta maganin, gashin ya fara tsirowa, laushi kamar na jariri. Goggo takan kama shi da yatsa biyu, ya suɓuce, ta girgiza kai ta ce, "Saura kaɗan." Kwakwa takan ce, "Kullum saura kaɗan." Daga nan sai ta zauna a tabarmar kusurwa tana miƙo mai, tana tsefe wa yara kai, tana gyara wa manyan mata magana. Goggo ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, don ba ta faɗin komai, amma tana son yarinyar nan son da ba ta san tana da sauransa ba.

Kafin mai ɗinki ta yarda da wannan zirga-zirga, sai da ta tsallako ta zauna a benci, awon ɗinki rataye a wuyanta, ta yi wa Goggo bayani.

"Goggo, maganin da ke kashe cutar shi ne kuma yake kwantar da sojojin jikinta. Abin da wani yaro zai yi ya warke yana wasa, ita yana iya kai ta inda ba a fata. Likita ta fi ja min kunne a kan ƙarambau."

"Ƙarambau? Wadda kowa ya yi?" Goggo ta taɓa tabon da ke saman girarta. "Ga tawa nan."

"Ita fa. A jikin irin su Kwakwa ba ta tsayawa a fata, tana iya shiga huhu, ta shiga hanta. Allurar rigakafinta kuma ba a yi mata yanzu, jikinta ba zai ɗauka ba. Amma ta ce akwai wata allura daban. Daga jinin mutanen da suka taɓa yin cutar ake tace ta, sojojinsu da suka riga suka san ta ne ake ara wa yaro su tsare shi na ɗan lokaci. Sai dai ba ta jira. In Kwakwa ta zauna da mai ƙarambau, a kawo ta da wuri, kada a tsaya sai ƙuraje sun fito. In aka yi jinkiri, allurar ba ta da amfani."

"Sojojin aro," in ji Goggo. Abin ya burge ta. "To, Allah ya tsare. In na ga mai ƙuraje a ƙofa, ni da kaina zan kora ta."

Ta ɗauka ƙarambau a ƙofa take sallama.

Ƙanin Goggo yana da 'ya guda, ana ce mata Ta Ɗaya, don tun da ta shiga makaranta ba ta taɓa zuwa ta biyu ba. Uwarta, wadda Goggo ke kira Amarya duk da auren ya haura shekara goma, mace ce mai kirki da son fita kunya, sai dai duk abin da take da shi ta ɗora shi a kan yarinyar nan. A shekarar, makaranta ta zaɓi Ta Ɗaya ta yi jawabi a ranar raba kyaututtuka, gaban iyaye da manyan baƙi. An ɗinka riga. An sayi takalmi. An haddace jawabi har maƙwabta sun iya shi. Saura kitso.

Ana saura kwanaki kaɗan aka kawo ta tsifa da wankin kai. Kwakwa ce ta tsefe mata, su biyu a tabarmar kusurwa, kai da kai, tun bayan azahar har rana ta yi sanyi. Suna raba biskit, suna raɗa, suna dariya a fuskar juna. Ta Ɗaya ta ce kanta na ɗan ciwo, uwarta ta ce hadda ce. Aka ce a bar gashin ya sha iska, a dawo jibi a yi kitso.

Jibi da hantsi Amarya ta kawo ta, shagon babu kowa. Yarinyar na sanye da riga mai dogon hannu a wannan zafin, goshinta ya sha hoda. Ta zauna a matashi, jikinta da ɗumi. Goggo ta ɗauki kibiya ta ja tsaga ta farko daga goshi zuwa ƙeya, ta buɗe gashin, sai hannunta ya tsaya. Ƙananan ƙuraje ne masu ruwa, kowanne zaune a kan 'yar jar da'ira. Ta ja tsaga ta biyu. Suna nan. Ta ɗaga kunnen yarinyar, ta ga wasu a bayansa.

"Amarya, yaushe suka fito?"

Amarya ta kalli ƙofa, ta matso. "Jiya da safe, Yaya. 'Yan kaɗan ne. Ki yi mata manya-manya ki rufe su, na goshin hoda ta ɓoye. Ta yi jawabinta ta sauko, in kai ta gida ta kwanta. Ƙarambau ce fa kawai."

Goggo ta waiga. Idonta ya tafi tabarmar kusurwa, inda har yanzu ɓarɓashin biskit ke maƙale a saƙa.

"Shekaranjiya ta wuni da Kwakwa a can."

"Lokacin ai ba su fito ba."

"Ban sani ba ko sai sun fito take kamawa. Ke ma ba ki sani ba. Likitarta ce ta sani."

Amarya ta kama hannunta, idonta ya cika. "Yaya, in mai ɗinki ta ji, unguwa ta ji. In unguwa ta ji, makaranta ta ji, su ce kada ta zo. Shekara guda yarinyar nan tana wahala. Ki bari a yi taron kawai, kwana nawa ne? Bayan nan ni da kaina zan je in faɗa mata. Ke ce fa Asusu. Abin da ya fi wannan kin gani kin yi shiru."

Gaskiya ta faɗa, kuma gaskiyar ce ta fi ciwo. Ga 'yar ƙaninta zaune tsakanin gwiwoyinta, kai a buɗe, ta sunkuyar da fuska, daidai yadda ita ma ta taɓa zama. Duk rayuwarta abu ɗaya take taƙama da shi, cewa ba a taɓa jin sirrin kan wani daga bakinta ba. Ta ɗaga ido ta taga. Kwakwa na zaune a bakin shagon uwarta, tana ɗaura wa 'yar tsana ƙyalle, gashin nan nata na jarirai yana motsi a iska.

Goggo ta sa tafin hannu ta shafa kan Ta Ɗaya, ta mayar da gashin ya rufe tsagar. "Uwata, ba laifinki ba ne, kin ji? Ba abin kunya ba ne." Ta ɗaura mata ɗankwali da kanta. Ba ta taɓa tayar da kai babu kitso ba sai ranar. Ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ta zura takalmi, ta fita ko mayafi babu, kibiya na hannunta ba ta sani ba.

A nan ne ta yi kuskuren da ita kaɗai za ta yi. Matan da suka saba kai labari sun san yadda ake yi: a ja mutum gefe, a rage murya, a fara da "kada ki ce ni na faɗa miki." Goggo ba ta taɓa koyon wannan ba. Ta shiga shagon ɗinki, keke na ruri, injin wuta na ruri a waje, mata uku na jiran awo. Ta ce, "Wata yarinya ta yi ƙarambau." Mai ɗinki ta nuna kunnenta alamar ba ta ji. Goggo ta ƙara murya. Mai ɗinki ta ce, "Wa? Wace yarinya?" Goggo ta cika ƙirji da iska, daidai lokacin da mai ɗinki ta ɗage ƙafa daga keken, ta ce da muryar da aka ji har wurin mai fenti, "Ta Ɗaya ce! Kanta duk ƙarambau!"

Matan awo suka kalli juna. Goggo ta ji muryarta ta dawo mata a kunne, ta gane ta sarai, muryar mai lasifikar nan ce ta yarintarta. Da ta waiga, Amarya na tsaye a ƙofar shagon kitso, riƙe da hannun 'yarta, ta ji komai.

Mai ɗinki ba ta tsaya tambayar komai ba. Ta bar riga a ƙarƙashin allura, ta suri jaka, ta suri Kwakwa. Goggo ta bi su cikin tasi, ta bar shagonta a buɗe.

A asibiti, likitar yaran, wata doguwa mai tabarau da ta san Kwakwa tun farkon ciwon, ta yi tambayoyi a natse. Tsawon wane lokaci suka zauna tare? A ɗaki ne ko a waje? Yaushe ƙurajen suka fito? Goggo ta amsa duka, ita da ba ta amsa tambaya. Likita ta ce ƙarambau takan fara yaɗuwa tun kafin a ga ƙurji ko ɗaya, don haka zaman shekaranjiya zama ne da mai cutar, kuma sun kyauta da suka zo yau. Aka ɗebi jinin Kwakwa a duba ko tana da sojojinta na kanta. Sannan likita ta ce maganin ba ya zama a nan, sai an aiko da shi daga babban ɗakin ajiya, kuma kaɗan ne, ba a fitar da shi sai an tabbatar ƙarambau ce ba wani ƙurji ba. Tana so ta ga ɗaya yarinyar da idonta.

Goggo ta nannaɗe hannun riga, ta miƙa damtse. "Likita, ni na yi ta, ga tabon. In sojoji ake nema, ku ɗebi nawa yanzu, ba sai an jira kowa ba."

Wannan kuwa mace ce da in za a yi mata allura sai an riƙe ta. Likita ta yi murmushi, ta saukar mata da hannun rigar. "Mama, ba a ɗiba nan take a zuba. Na mutane da yawa ake tarawa, a tace, a gwada, a tabbatar babu wata cuta a ciki. Waɗanda suka ba da wanda za a yi wa Kwakwa, sun bayar tun tuni, ba su ma san ta ba. Abin da nake buƙata daga wurinki shi ne ɗaya yarinyar."

Goggo ta fita baranda ta kira Amarya a waya. Ba a ɗauka ba. Ta sake kira, aka kashe. Ta kira ƙaninta, yana wurin aiki a bayan gari, ya ce zai gwada. Ta zauna a benci, kibiya a cinya, tana kallon masu wucewa. Ba ta taɓa jin tsoro irin na wannan yinin ba, kuma ba ta da wanda za ta ɗora wa laifi. A tabarmarta aka zauna.

La'asar ta yi, sai wata nas ta leƙo ta ce akwai mota a waje, an ce a kira likita, ba za su shigo da yarinyar cikin marasa lafiya ba. Goggo ta bi bayan likita. Amarya ce zaune a bayan tasi, fuska a kumbure da kuka, Ta Ɗaya a jikinta, an wanke hodar. Likita ta leƙa ta taga, ta duba kan, ta ɗaga riga ta duba baya, ta ce ita ce. Ta gaya wa Amarya abin da za ta shafa mata da abin da ba za ta ba ta ba, ta ce ta zauna a gida sai ƙurajen sun bushe, ta kuma ce mata ta gode. Goggo ta matso ta ce, "Amarya." Amarya ba ta kalle ta ba. "Ba don ke na zo ba," ta ce, ta ce wa direba su tafi.

Gwajin ya nuna Kwakwa ba ta da ko soja ɗaya na ƙarambau. Washegari da safe maganin ya iso. Aka ɗora ta a sikeli don a san yawan da za a yi mata, aka yi allurar a cinya. Kwakwa ta ce wa nas hannunta ya fi na nas ɗin jiya sanyi. Goggo, da ta zo riƙe yarinya, ita aka ba kujera da ruwa. Likita ta ce allurar ba katanga ba ce: tana iya hana cutar, tana iya rage mata ƙarfi kawai, kuma sojojin aro ba sa daɗewa. A sa ido kusan wata guda. Ko ƙurji ɗaya aka gani, ko zazzaɓi, a dawo a ranar.

Watan nan ya yi wa Goggo tsawo. Kwakwa ba ta fitowa. An yi taron makaranta, wani yaro ya karanta jawabin daga takarda, aka aiko wa Ta Ɗaya kyautarta gida a leda. A shago kuma, mata na zuwa, don hannu irin na Goggo ba a samunsa a ko'ina, amma sun koma hirar zafin gari da tsadar mai. Wata ta fara, "Goggo, ni kam mijin nan nawa," sai ta tsaya, ta ce, "Yana gaishe ki." Goggo ta ce tana amsawa. Ashe shirun da take yi da daɗi ne saboda ana ba ta abin da za ta yi shiru a kansa. Da ta koma gida maigidan ya ce yau kam ya ji labari, kuma matarsa ce labarin. Da ya ga fuskarta, ya kashe rediyo, ya matsa mata a benci.

Da ƙurajen Ta Ɗaya suka bushe, Goggo ta je gidan ƙaninta. Amarya ta amsa gaisuwa ta shige kicin. Goggo ta durƙusa gaban yarinyar, gwiwoyinta na ƙara, ta ce, "Uwata, faɗin da na yi, dole ne. Ihun da na yi, ba dole ba ne. Shi na zo ki yafe min." Ta Ɗaya ta yi ɗan tunani irin na masu zuwa na ɗaya, ta ce, "Kwakwa ta warke?" Goggo ta ce ana jira. "To in ta warke na yafe."

Ana cikin mako na uku mai ɗinki ta ga ƙuraje a fatar cikin Kwakwa, ba su kai a ƙirga da yatsun hannu biyu ba. Suka koma a ranar. Aka kwantar da ita, aka sa mata maganin cutar ta jijiya. Goggo na rufe shago da wuri ta je ta tsaya a bayan gilashi, su yi wa juna gwalo. Zazzaɓin bai yi zafi ba, numfashi bai canza ba, ƙurajen ba su ƙaru ba. Bayan 'yan kwanaki suka bushe, aka sallame ta. A bakin ƙofar asibitin mai ɗinki ta rungume Goggo ta fashe da kukan da ta riƙe wata guda, Goggo na bubbuga bayanta tana cewa, "Juyo nan, juyo nan," don ba ta san wata kalmar lallashi ba.

Amarya ta kai kanta wurin wata mai kitso a bayan kasuwa, kuma har yau can take zuwa, kitson yana warwarewa kafin mako ya zagayo. Amma wata safiya sai ga Ta Ɗaya ita kaɗai a ƙofar shago, kai a tsefe, ta ce Mama ta ce a yi mata ƙanana. Matan benci ma, a hankali, bakinsu ya fara dawowa. Wadda mijinta ke gaisuwa ta ƙarasa zancenta, kuma ba gaisuwa ba ce.

Kwakwa ta tsallako titi ranar da likita ta ba ta izini. Ta rame kaɗan, bakin yana nan yadda yake. Ta cire hula, ta zauna a matashi ba tare da an ce ta zauna ba.

"A duba."

Goggo ta kama gashin da yatsa biyu, tana shirin cewa saura kaɗan. Bai suɓuce ba. Ta sake kamawa a wani wurin, ta murɗa. Ya tsaya. Ta riƙe shi har Kwakwa ta ɗago kai.

"Goggo, mene ne?"

"Sunkuya. Kwakwa ta nuna."

Ta ɗauki kibiya, ta lakato mai, ta ja tsaga a hankali kamar mai tsoron kada ta tashi wani daga barci. Can gefen hagu, sama da kunne, ta ga ɗan tabo guda, zagayayye, fari, inda gashi bai fito ba. Yatsanta ya tsaya a kai. Kwakwa ta ji, ta kai hannu ta dafe wurin, ta saci kallon matan benci, ta jawo wuyan Goggo ƙasa.

"Na ƙarambau ne," ta raɗa mata. "Ko Mama ba ta gani ba. Kada ki faɗa wa kowa."

Duk unguwar nan, yarinyar da ta fi kowa sanin Asusu ta taɓa fashewa ita ce ta kawo mata ajiya.

"Cire hannunki," in ji Goggo. Ta karkatar da tsagar kaɗan, ta ɗebo gashi daga sama, ta kwantar da kitson farko a kan tabon.

Wata daga benci ta leƙo. "Goggo, me ta ce miki?"

"Ta ce kada in ja da zafi," in ji Goggo. "Juyo nan."